Kitsen Ƙoda

Shekara talatin da huɗu mahaucin nan yana farke cikin dabba, kuma in ka tambaye shi abin da ya koya, abu ɗaya zai gaya maka: lafiyar dabba a ƙodarta ake gani. In ya zura hannu ya tarar da ƙoda kwance cikin farin kitse, har sai ya sa wuƙa ya tono ta, to wannan dabba ta ji daɗin duniya. In kuwa ya same ta tsirara tana lilo, sai ya ja tsaki ya ce an cuci baiwar Allah. Kowa a layin masu nama ya haddace wannan karatu, don ya maimaita shi har kunnuwa sun gaji. Mai Kifi, wanda teburinsa ke kallon nasa, yakan ce da za a buɗe makarantar ƙoda, ba sai an nemo shugaba daga nesa ba.

'Ya ɗaya gare shi, malamar lissafi a wata makarantar firamare. 'Yan kasuwa na ce mata Malama, shi kuwa Uwata yake kiranta tun tana zanin goyo. Mahaifiyarta ta rasu yarinyar na da shekara tara, daga nan shi ne uwa shi ne uba, ya ɗauki tukunya bai sake ajiyewa ba. Suna zaune a hawa na biyu na wani tsohon bene, ɗaki biyu da falo, da ɗan kicin wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. To a shekarar da Malama ta cika ashirin da shida ƙodojinta duka biyu suka ajiye aiki. Shekara biyu tana zuwa wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zuwa, ta dawo ta zube kan kujera ko takalmi ba ta iya cirewa. Da likitoci suka kawo maganar dashe, bai bari sun rufe baki ba. Aka gwada jininsa, aka juya shi gaba da baya, aka ce tasa za ta yi.

Ranar aiki, ana tura shi a gadon nan mai taya, ya kamo hannun rigar likitan da zai yanka shi.

"Likita, ni ma ɗan sana'a ne. In ka ciro ta, kar ka fere mata kitsen. Ka sa mata ita da rigarta."

Likitan ya yi dariya ya ce ya ji. Shi kuwa mahaucin ba wasa yake yi ba. Bayan kwana biyu, da likitan ya zo duba ɗinki, tambayar da ya fara yi masa ke nan.

"Ai sai da muka gyara ta tas, Baba," in ji likitan. "Ba a dasa ta da kitse. Ga ta can tana aiki ba kama hannun yaro."

Ya yi godiya, ya ɗaga hannu ya sa albarka, amma maganar ta tsaya masa a rai. Duk sanda ya rufe ido sai ya ga ƙodarsa ita kaɗai a cikin 'yarsa, ba riga ba bargo, irin ta dabbar da aka cuta.

Suka koma gida da buhun magunguna da wata takarda da Malama ta manna a jikin firji. Takardar ta ce a sha ƙwaya safe da yamma a kan lokaci, awa ɗaya kafin abinci. Ta ce a rage kitsen dabba da soye-soye, a yawaita kifi da ganye, mai kuma ɗan kaɗan. Mahaucin ya sa tabarau ya karanta ta har sau biyu, yana karantawa yana girgiza kai.

"Wannan 'yar farar ƙwayar, me take yi?"

"Rage ƙarfin garkuwar jiki take yi, Baba. In ba haka ba jikina zai ɗauka ƙodarka baƙuwa ce, ya far mata."

"Baƙuwa? Ƙodar ubanki?"

"Jiki bai san zumunci ba."

Ta yi masa bayani mai tsawo, irin wanda take yi wa 'yan aji huɗu, amma a cikin duk abin da ta faɗa kalma biyu kawai ya tsinta ya sa a aljihu: rage ƙarfi. Wato an yanka yarinya, an ba ta abin da ke kashe mata jiki, sannan an hana ta abin da zai mayar da shi. Ya dubi wuyan hannunta, agogonta na zamewa har tsakiyar dantse. Haka na mahaifiyarta ya yi a watanninta na ƙarshe, awarwaro yana gangarowa har gwiwar hannu. Tun daga wannan lokacin mutumin nan bai ƙara ganin rama a matsayin rama ba, mutuwa yake gani tana ɗaura ɗamara. Tsoro ne ya kama shi, tsoro zalla, sai dai shi a ransa ilimi ya ɗauke shi.

Da farko a ɓoye ya fara. Ya zaɓo kitsen da ya fi kowane haske a tebur, na kan ƙoda, ya narka shi a ƙaramar tukunya ya ɗura a kwalba, ya tura ta bayan gwangwanin shayi. In ya zuba mata abinci sai ya sa cokali ɗaya a ƙasan kwano ya rufe. Cokali ɗaya ya zama biyu. Da ya ga ba ta ce komai ba, sai ya fito fili. Kullum kafin ya tafi mayanka zai ɗora ƙashi mai ɓargo a wuta, kafin ta gama shirin makaranta romo ya yi kauri, maiƙo na yawo a samansa. Ya zubo a babban kofi ya tsaya mata a ƙofar kicin.

"Sha wannan tukuna, sannan ƙwayar ta biyo baya."

"Baba, an ce ciki ba komai."

"Wa ya taɓa jefa magani a ciki wayam? Ai sai ya ƙwaƙule miki hanji. Su sun san takarda, Uwata, ni na san ƙoda. Wadda na riƙe a hannun nan ta fi gashin kansu yawa."

"Likita ta ce..."

"Wace likitar? Mai tabarau ɗin nan da iska ke kaɗawa? Ta fara ciyar da kanta tukuna."

Malama ta ture kofin a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Juyawa kawai ya yi ya fuskanci tukunya, hannunsa ya tafi kan tabon da ke kwiɓinsa ya dafe. Ba da gangan ba ne, haka hannun ya saba yi tun bayan aikin in ransa ya sosu. Ta kalli hannun, ta kalli ƙeyarsa da furfura ta fara ci. Ta ɗauki kofin ta shanye, ta kora ƙwayar a kai.

A kasuwa Mai Kifi ya sha ware masa kifi mai kyau ya naɗe a takarda.

"Ka kai wa Malama. Na ji an ce shi ne abincin masu irin lalurarta."

"Kifi? Ai ruwa ne aka sa masa ƙaya. Ka ajiye wa masu kyanwa."

"Kai dai wallahi da za a farke ka, kitse za a tarar a inda ƙwaƙwalwa take."

"To ka ga lafiyayye ke nan."

Layin duka ya ɗauki dariya, shi ma ya yi, yana wasa wuƙa a jikin ƙarfe.

Kuma a ido abin nasa ya ci. Kafin wata shida Malama ta ciko, kumatu sun fito, agogo ya zauna daram, har sai da tela ya buɗa mata riguna. Ta koma aji, tana hawa benen nan ba ta tsayawa a tsakiya. In ta biyo ta kasuwa da yamma sai mahaucin ya ajiye wuƙa ya nuna ta da haɓa, ya ce wa Mai Kifi ya duba aikin kifi ya duba aikin nama. A watannin nan ba wanda ya kai shi sakin hannu, kowa ya sayi nama sai ya tafi da gyara. Abu ɗaya kawai ya lura da shi: duk sanda ranar gwajin jini ta matso, kwana uku kafin ranar Malama za ta ce cikinta ba daɗi, ta ƙi romon, ta ci abu gaya-gaya. Ya ɗauka fargabar allura ce, yakan ma tsokane ta, ya ce ƙatuwa da ita tana tsoron tsinke. Sakamako kuma ya fito ba laifi, sai ya ƙara yarda da kansa.

Wata goma sha huɗu da yin aikin, wata safiya ya fito daga kicin da kofi ya same ta zaune a falo da takalmi ɗaya a hannu. Ƙafar ta ƙi shiga. Ya durƙusa ya danna yatsa a idon sawunta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Jikinta da zafi, kuma ta ce tun jiya fitsari ɗan kaɗan take yi, ga wurin dashen yana ciwo in ta taɓa. Kofin nan a kan tebur suka bar shi suka nufi asibiti, da ya dawo ɗaukar mata kaya da la'asar ya tarar maiƙon ya daskare fari fat a samansa.

Aka ba ta gado. Aka ɗebi jini, aka sa doguwar allura aka tsakuro ɗan abu daga jikin ƙodar aka kai ɗakin bincike. Rana ta uku likitar ƙoda, mai tabarau ɗin nan, ta kira su ofishinta. Ɗaki ne ƙarami, da tebur cike da fayil, da hoton ƙoda a bango an tsaga ta biyu. Mahaucin ya dubi hoton ya ga ko ɗigon kitse ba a zana ba.

"Jikinta ya taso wa ƙodar," in ji likitar. "Kuma ba jiya ya fara ba, akwai tsofaffin tabo. Maganin da ke cikin jininta ya yi ƙasa sosai, alhali duk gwajin baya daidai muke gani. Malama, kina tsallake sha ne?"

"Ko sau ɗaya."

"To yaya kike sha? Me kike ci?"

Malama ta sunkuyar da kai. Shi kuwa uban sai ya gyara zama, don an zo wurin da yake da abin faɗa. Ya kawo romon ɓargo, ya kawo kwalbar da ke bayan gwangwanin shayi, ya faɗi cokali nawa, ya faɗi cewa bai taɓa barin ta ta jefa ƙwaya a ciki wayam ba. Da alfahari ya faɗa, yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. Sai da ya kai ƙarshe ya lura likitar ta ajiye biro ta cire tabarau.

"Baba," ta ce, "bari in yi maka magana yadda za ka gane. Garkuwar jiki kamar masu gadi ne. A wurin kowa ana so su yi ƙarfi, amma a wurin Malama so muke su yi gyangyaɗi, don da sun farka ƙodarka za su fara kamawa. Ƙwayar nan ita ke sa su barci. In ta sauka a kan abinci mai maiƙo sosai, ba duka take shiga jini ba, wani kaso ya wuce a banza."

"To shi kitsen, ba riga yake mata ba?"

"Wanda aka ci ba ya tafiya ya naɗe ƙoda don ya kare ta. In ya yi yawa a jini yana wahalar da ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita. Akwai kuma bincike, yawanci a kan ɓeraye aka yi, da ke nuna yawan kitsen dabba na ƙara tunzura masu gadin nan. Ba duk mai ne ɗaya ba, shi ya sa muka rubuta kifi."

Ya ji kamar an zare masa kujera. Hannunsa ya tafi kwiɓi ya dafe.

"Likita, ki gaya min gaskiya kar ki ji nauyina. Ni na kashe ta?"

"Ƙodar ba ta mutu ba tukuna, za mu yi iya ƙoƙarinmu. Kuma ba zan rantse in ce wannan kaɗai ne ba. Akwai wanda ke bin doka ɗaya bayan ɗaya jikinsa ya ƙi karɓa."

"Amma da ban yi ba?"

Ta mayar da tabarau, ta daɗe tana kallon fayil.

"Da ba ka yi ba, da ta fi samun dama."

Da ta ce masa e kai tsaye, da ya san inda zai ajiye kansa. Da ta ce a'a, da ya yi ƙarya ya yarda. Sai ta ba shi wannan, wanda ba ya haɗiyuwa ba ya tofuwa. Garin neman ƙiba an samo rama, karin maganar da shi kansa ya sha jefa wa mutane a kasuwa, yau ga ta ta dawo ta same shi a kujerar asibiti.

Wata biyar aka yi ana fama. Aka yi mata ƙarin ruwa da magunguna masu ƙarfi, lambobin da ke takardar gwaji su ɗan sauko, a yi murna, su sake hawa. Mahaucin ya juye kwalbar nan a shara tun ranar farko. Ya tsallaka layi da ƙafarsa ya tsaya gaban teburin Mai Kifi. Mai Kifi, wanda bai taɓa barin tsokana ta wuce shi ba, sai kawai ya zaɓo mai kyau ya kankare ya naɗe ya miƙa masa. Daga ranar takardar firji ta zama doka, yana auna mai da ƙaramin cokali, yana zaune da agogo a hannu har awa ɗaya ta cika bayan ƙwaya. Duk abin da aka ce ya yi shi, ya ma ƙara. Sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. A wata na shida likitar ta ce ƙodar ta gaji, za a koma wanki.

Ɗakin wankin bai canza ba. Kujeru takwas a jere, kowace da injinta a gefe yana ƙara ƙasa-ƙasa, jini na zagaya cikin siririyar roba yana komawa. Nas ɗin da ta san su tun zuwansu na farko ta yi musu sannu da zuwa, sannan ta ji kunyar abin da ta faɗa ta juya ta shiga gyaran allura. Ranar mahaucin bai buɗe tebur ba. Ya jawo kujerar roba ya zauna gefen 'yarsa, yana kallon injin.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Kwana ukun nan da kike cewa cikinki ba daɗi. Kafin gwaji."

"Ƙarya nake yi."

"Kin sani ke nan."

"Na san ba daidai ba ne. Ban san ya kai haka ba. Na ce in gwaji ya fito da kyau ba wanda zai yi faɗa, kai ka ji daɗi, likita ta ji daɗi. Lissafi nake koyarwa, Baba, amma wannan ban iya shi ba."

"Me ya hana ki fasa kofin a ƙasa? Me ya hana ki kai ƙarata?"

Ta juyo da kanta a kan matashi ta dube shi.

"Ka ba ni ƙoda na karɓa. Sai ka miƙo min kofi in ce ba na so? Kuma tun rasuwar Mama ban taɓa ganin ka kana dariya irin ta watannin nan ba. Ban so in zama ni ce na tsayar da ita."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba, bai kuma damu da mutum bakwai da ke sauran kujerun ba. Nadama ce irin wadda ba ta da wurin zuwa, don ba maƙiyi ya yi masa wannan ba, ba sakaci ba ne, da hannunsa ya yi, da sassafe, kullum, yana murna.

"Saura ɗaya gare ni," ya ce. "In na roƙe su..."

"Ba za su karɓa ba, ni ma ba zan karɓa ba. Sai mu zama mu biyu a nan, kujera kusa da kujera? Wa zai dafa mana kifi?"

Ya yi ɗan murmushi cikin hawaye.

"An sa sunana a layin masu jiran ƙoda," ta ce. "Allah na nan. Kuma ka san ba su cire taka ɗin ba? Sun ce in dai ba ta kawo matsala ba, a nan za su bar ta."

Ta miƙo hannun da ba allura ta kamo nasa, ta ɗora a gefen mararta ta dama, kan riga, daidai inda ɗinkin yake. Hannun nan shekara talatin da huɗu bai taɓa kuskuren ƙoda ba, da ya taɓa ya san labarinta. Ya danna a hankali yana nema. Bai ji ta ba. Abin da ya ji a ƙarƙashin yatsunsa taushi ne, mai kauri, shimfiɗe a kanta daga wannan gefe zuwa wancan, daidai yadda ya so tun ranar da ya kamo rigar likita.

"Ka ji ta?" in ji Malama.

"Ta sha riga," ya ce.

Bai ɗauke hannun ba har injin ya yi ƙarar cikar awa huɗu, nas ta zo ta ce ya ɗan matsa za ta cire allura.